Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane ta Ƙasar Gbagyi

Duk wanda ya juya takardar naira 20 ya dubi bayanta zai ga hoton wata mace tana cikin aikin ginin tukunya. A gaban takardar akwai hoton Janar Murtala Muhammad, wanda kowane ɗan makaranta ya sani, amma idan aka tambayi yara a gida ko wace ce wannan mace, kaɗan ne za su iya ba da amsa. Sunanta Ladi Kwali. Tun shekara ta 2007 da Babban Bankin Nijeriya ya fito da wannan takarda ta roba, ita kaɗai ce macen da aka san sunanta a jikin kuɗin ƙasar nan, gama matan Fulani masu ɗauke da ƙwaryar nono a bayan naira 10 ba a san su da suna ba.

Ladi ba ta yi karatun boko ba, duk da haka Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta koyi sababbin dabarun da Turawa suka kawo, ta kuwa iya su sarai, amma abin da ya kai sunanta Ingila da Amurka shi ne randar ruwa irin ta Gbagyi, wadda ta koyi ginawa a gida tun tana yarinya. Saboda haka tarihinta ya cancanci a karanta shi a tsakiyar iyali, iyaye da 'ya'ya tare.

Garin da ta ɗauki sunansa

An haifi Ladi wajen shekara ta 1925 a Kwali, wani gari na Gbagyi, mutanen da Hausawa ke kira Gwari. Masu bin hanyar Abuja zuwa Lokoja sun san garin, yana gaba kaɗan da Gwagwalada, yau kuma yana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya. A zamanin da aka haife ta babu maganar Birnin Tarayya, Kwali ƙauyen manoma ne a ƙasar Sarkin Abuja. Sunanta ma ya faɗi asalinta: Ladi, wato wadda aka haifa ran Lahadi, Kwali kuwa garinsu.

Ya kamata mai karatu ya lura tun yanzu cewa Abujar da za a riƙa ambata a wannan tarihi ba ita ce Abujar yau ba. Tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja, ɗan gidan sarautar Zazzau, ya kafa a 1828, ita ce garin da ake kira Suleja yanzu, a Jihar Neja, kusa da Dutsen Zuma. Sa'ad da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka ba sabon birnin sunan Abuja, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau.

Gbagyi manoma ne na gaske. An san su da noman doya da dawa, an kuma san matansu da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a kai. A ƙasarsu ginin tukwane aikin mata ne, kuma a wancan zamani babu gidan da zai iya zama ba tare da aikin maginiya ba. Tulun ɗebo ruwa daga rafi, randar da za a zuba shi, tukunyar tuwo da ta miya, kaskon suya, duka daga hannunta suke fitowa. Sana'ar yumɓu kuwa tsohuwa ce ƙwarai a tsakiyar Nijeriya. Siffofin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a yankin da yake kudancin Jihar Kaduna a yau, sun haura shekara 2000. A cikin wannan dogon gado aka haifi Ladi.

Makarantar tsakar gida

Ladi ta koyi gini tun tana ƙarama a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Irin wannan koyo ba shi da allo ko littafi. Yarinya takan fara da bin manya zuwa inda ake haƙo yumɓu, ta taya ɗauko shi, ta taya tsince tsakuwa da saiwoyi, ta taya kwaɓa shi har ya yi laushi. Daga nan a bar ta ta gwada ƙananan kasake, ta ɓata, ta sake, har hannunta ya faɗa.

Ga yadda ginin yake. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a bisa ƙwarya ko kasko mai faɗi, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jawo bangon sama da yatsunta. Tukunyar ba ta motsi, maginiyar ce ke zagaya ta. Idan yumɓun farko ya ƙare, sai ta mulmula wani ya yi tsawo kamar igiya mai kauri, ta ɗora shi a baki, ta manne, ta ci gaba da zagayawa, har cikin randar ya buɗe, kafaɗarta ta rufo, wuyanta ya tashi. Da ɗan katako mai faɗi da ɓawon katantanwa ake daidaita jikin, da jiƙaƙƙen tsumma kuma ake gyara bakin. Ba a auna kome da ma'auni, ido da hannu ne kaɗai ke aikin, amma a hannun gwana randa takan fito daidai ta kowane gefe.

Kafin yumɓun ya bushe ake yin ado. Akan raba jikin randar gida-gida da layuka, a mirgina ɗan guntun murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan itace mai tsaga-tsaga a kai domin ya bar sawunsa. A cikin waɗannan gidaje Ladi takan zana halittun da ta saba gani a gona da bakin rafi: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsaye. Ba ta zana su yadda mai ɗaukar hoto zai ɗauke su ba, takan miƙe su ko ta lanƙwasa su har su cika gurbin da ta ba su, su bi tudun randar. Bayan tukwanen sun bushe sarai sai a jera su a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Tun suna da zafi ake yayyafa musu makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da iyayenmu suka sani wajen daɓen ɗaki, shi ne ke ba su duhun launi, ya kuma ƙara musu ƙarfi.

Duk maginiyar Kwali ta san waɗannan matakai. Abin da ya bambanta Ladi shi ne kyan tsayuwar randunanta da tsabtar zanenta. Tun tana da ƙuruciya aikinta ya yi suna a yankin, har ya kai fadar Sarkin Abuja.

Daga fada zuwa Cibiyar Abuja

Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, mutum ne kuma mai daraja aikin hannun mutanen ƙasarsa. Ya tara kyawawan tukwane a gidansa, a cikinsu har da na Ladi. A shekara ta 1950 wani Bature mai suna Michael Cardew ya ziyarci fadar, ya ga waɗannan randuna, tun daga ranar kuwa bai manta da sunan wadda ta gina su ba.

Cardew ba baƙo ba ne a sana'ar. An haife shi a Ingila a 1901, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, amma zuciyarsa ta karkata ga yumɓu, ya tafi ya koyi gini a hannun Bernard Leach, babban maginin Ingila na wancan zamani. Daga 1942 zuwa 1948 ya yi aikin tukwane a ƙasar Gana ta yau, da fari a Achimota, daga baya a Vume, a bakin kogin Volta. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi a matsayin jami'in tukwane a ma'aikatar ciniki da masana'antu. Bukatar gwamnati ita ce a fara yin farantai da kofuna da butocin shayi masu ƙyalli a cikin ƙasa, domin a rage sayo su daga waje.

Kafin ya kafa kome, Cardew ya zagaya ƙasar ya duba yadda magina ke aiki. Abin da ya gani ya sa ya ba gwamnati shawara kada a taɓa ginin gargajiya da sunan gyara, gama tukwanen da matan ƙauye ke yi suna da araha, suna jure wutar murhu, sun kuma dace da bukatar masu amfani da su. Ya ce a bar su yadda suke, a kafa wata cibiya dabam inda za a koyar da sabon salon. Ya zaɓi Abuja domin akwai yumɓu mai kyau, da itacen wuta, da ruwa, ga kuma sarki mai goyon baya. Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja ta fara aiki a 1952, ɗalibanta na farko kuwa duka maza ne.

A ƙarshen shekara ta 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ta zama mace ta fari a cikinta. Shekarunta sun kusa 30 a lokacin, ta riga ta yi suna, sarki da kansa yana ajiye aikinta. Mutum mai girman kai da ya ce ba shi da sauran abin koyo. Ladi kuwa ta zauna a tsakiyar maza ta fara daga tushe. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, wanda ake turawa da ƙafa, inda magini ke zaune wuri ɗaya tukunyar ce ke zagayawa, wato kishiyar abin da hannunta ya saba. Ta koyi haɗa yumɓu mai jure zafi, da haɗa ruwan ƙyalli daga toka da niƙaƙƙen dutse da farar ƙasa, da jera kaya a cikin tanderu. Ba da daɗewa ba ta iya yin farantai, da kwanuka, da kofuna, da tukwanen miya masu murfi. Takan tsoma kwano a cikin kunun jar ƙasa ko na farar ƙasa, sa'an nan ta ɗauki ƙayar beguwa ta tsaga zane a kai har launin da ke ƙasa ya fito. Kayan cibiyar suna ɗauke da hatimi mai sunan Abuja da rubutun ajami, nata kuma suna da ƙarin hatimi mai haruffa biyu, LK. Har wa yau da waɗannan alamu masu tara kayan tarihi ke gane aikinta.

Randa ta shiga tanderu

Da Ladi ta tsaya a nan, da ta zama ɗaya daga cikin gwanayen cibiyar, ba kuwa lalle sunanta ya wuce Abuja ba. Amma ba ta yar da ginin hannu ba. Ta ɗauki sabon yumɓun cibiyar ta riƙa gina randuna da shi yadda aka koya mata a Kwali, tana zagayawa, tana ɗora igiyar yumɓu bisa igiya, tana zana ƙadangarunta da kifayenta. Sa'an nan a cika tsagar zanen da farar ƙasa, a lulluɓe randar da ruwan ƙyalli wanda ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa, a sa ta a tanderu inda zafi ke haura digiri 1200, nesa ƙwarai da zafin wutar ciyawa. Abin da ya fito sabon abu ne: siffa da zane na Gbagyi, jiki kuwa mai tauri kamar dutse, yana sheƙi, farin zanen yana haskowa daga cikin duhun launi.

Akwai abin da aka rasa a wannan canji, bai kuwa kamata a ɓoye shi ba. Randar gargajiya tana da ƙananan ƙofofi a jikinta waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yakan tsatso ta cikinsu kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, wannan bushewa ce ke janye zafi ta bar ruwan ciki da sanyi. Shi ya sa ruwan randa ke da daɗin sha a watan bazara ko babu wutar lantarki. Randar da aka gasa a tanderu aka rufe da ƙyalli ba ta tsatsa, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ta fi ta gargajiya nauyi, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin manomi. Ta bar kusurwar ɗaki inda ake ɗibar ruwa da moɗa, ta koma falon masu hali da gidajen tarihi. Mafi yawan masu sayen kayan cibiyar Turawa ne da manyan ma'aikata.

Amma a daidai waɗannan shekaru kwanukan tasa da tukwanen alminiyon, daga baya kuma roba, suna ta cin kasuwar maginiyar ƙauye. Randar da aka toya da ciyawa takan yi 'yan shekaru ta fashe, a zubar da tsingaronta a bayan gida. Ta tanderu kuwa tana iya daɗewa har jikokin jikoki. Da wannan aiki Ladi ta adana siffar randar Gbagyi da zanenta a cikin abu mai dawwama, a lokacin da amfaninta a gidaje ya fara raguwa. Ta kuma sa duniya ta dubi abin da a da ake wucewa ta gefensa a kasuwa ba a ko waiwaya.

Ƙofar da ta buɗe ba ta rufu a bayanta ba. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, waɗansu mata huɗu sun shiga cibiyar: Halima Audu, Asibi Ido, Lami Toto da Kande Ushafa. Ɗakin da matan ke ginin hannu a ciki aka riƙa kiransa Ɗakin Gwari. Kowacce ta zo da salon garinsu, kowacce kuma tana da hatiminta, har aikin da a ƙauye ba a san wanda ya yi shi ba ya zama aiki mai suna.

Gani ya kori ji

An nuna kayan Cibiyar Abuja a wani gidan baje kolin fasaha mai suna Berkeley a birnin Landan a 1958, da 1959, da kuma 1962, randunan Ladi kuwa su ne suka fi jan hankalin masu kallo. A 1960 aikinta yana cikin abubuwan da aka nuna a bukukuwan samun 'yancin kan Nijeriya. A farkon shekarun 1960 ta tafi Ingila da kanta, ta yi gini a gaban malamai da ɗalibai a Kwalejin Fasaha ta Sarauta da ke Landan, da makarantar fasaha ta Farnham, da kuma Wenford Bridge, wurin aikin Cardew a yankin Cornwall. Ta yi haka kuma a Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya jami'o'i da kwalejoji na Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, wani magini ɗan Gana da ya daɗe yana aiki da su.

Ya kamata mu gane abin da masu kallon suka gani. A makarantun fasaha na Turai an saba da cewa tukunya mai kyan tsayuwa daga kan faifai take fitowa. Sai ga mace daga Kwali, da zanenta da ɗankwalinta, an ajiye mata curin yumɓu da ruwa kaɗan, tana zagayawa, a gaban idonsu babbar randa ta tashi, ba ta karkace ko kaɗan ba. Irin wannan darasi ba ya bukatar tafinta. Malaman da suka yi shekaru suna koyarwa suka ga cewa abin da ake kira aikin matan ƙauye ilimi ne cikakke, mai ƙa'idodinsa, wanda su da kansu ba su iya ba.

Daga nan ɗalibai suka fara zuwa Abuja daga waje. Ɗaya daga cikinsu ita ce Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya, wadda ta zo a tsakiyar shekarun 1970 tana ɗaliba a Ingila, ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta, daga baya kuma ta zama ɗaya daga cikin shahararrun magina na duniya. Bayan tafiyar Cardew, Michael O'Brien ya shugabanci cibiyar har zuwa 1972, a zamaninsa ne Danlami Aliyu, wanda daga baya ya kafa wurin aikinsa a Minna, ya yi koyo a can. Duk cikin waɗannan sauye-sauye Ladi ta ci gaba da aikinta a cibiyar. Tafiye-tafiyen ƙasashen waje ba su raba ta da yumɓu ba, in ta dawo sai ta koma Ɗakin Gwari.

Girmamawa da rasuwa

A farkon shekarun 1960 aka ba ta lambar MBE ta Ingila. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, tun daga lokacin ake kiranta Dakta Ladi Kwali. A 1980 gwamnatin Nijeriya ta ba ta lambar NNOM, wadda ita ce babbar lambar da ƙasa ke ba masana da masu fasaha saboda zurfin aikinsu, mafi yawan masu karɓarta kuwa shaihunan malaman jami'a ne. A 1981 aka ƙara mata da lambar OON.

Cardew ya rasu a watan Fabrairu na 1983. Ladi ta bi bayansa ran 12 ga watan Agusta, 1984, a Minna, tana da shekara kusan 59. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, ko da yake a shekarun da suka biyo bayan rasuwarta wurin ya yi fama da rashin kulawa. Akwai titi mai sunanta a Abuja, da babban zauren taro a otal ɗin da a da ake kira Sheraton. Randunanta suna ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales. A 2022 aka yi wani babban nuni a Landan a kan mata baƙaƙen fata masu aikin yumɓu, wanda ya fara da aikinta, a watan Maris na wannan shekara kuma kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko. Randar da ke ɗauke da hatimin LK, in ta fito kasuwar gwanjo a Ingila, dubban fam ake sayenta.

Abin da ya rage a hannunmu

'Yan'uwa, idan muka bi wannan tarihi baya-baya, daga Washington zuwa Landan, daga Landan zuwa Suleja, daga Suleja zuwa fadar sarki, a tsakar gida za mu tsaya, inda wata mace ta haƙura da ƙaramar yarinya tana ɓata mata yumɓu. Ba a sa hoton wannan mace a kuɗi ba, amma ba domin ita ba, da Cardew bai sami abin gani a fada ba. Cibiya ta ba Ladi tanderu da ruwan ƙyalli da hanyar fita waje. Abin da aka sa a cikin tanderun kuwa daga gida ta zo da shi.

Wannan makaranta ta tsakar gida ita ce ke rufewa a zamaninmu. A gidaje da yawa jarka da bokitin roba sun maye gurbin tulu da randa. Uwar da ta iya gini, ko saƙar tabarma, ko sassaƙar ƙwarya, takan ji kunyar koya wa 'yarta, tana ganin sana'ar ta marasa karatu ce, 'yar ma tana ƙyamar ƙazantar yumɓu. Irin wannan ilimi kuwa a hannu yake zaune, ba a littafi ba. Idan tsohuwa ta rasu ba ta miƙa shi ba, ya tafi ke nan, babu ɗakin karatun da za a je a nemo shi.

Ba wanda ke cewa a cire yara daga makaranta. Ladi da kanta ta nuna darajar koyon sabon abu, gama tana babbar mace mai suna ta yarda ta zama ɗaliba. Abin da rayuwarta ke koya mana shi ne, sabon ilimi ya fi amfani ga wanda ya zo da wani abu a hannunsa. Yaron da ya haɗa takardar makaranta da sana'ar hannu ya fi tsayawa da ƙafarsa, musamman a wannan lokaci da masu digiri da yawa ke neman aiki.

Akwai abin da kowane iyali zai iya yi. Har yanzu ana ginin tukwane a ƙasar Gbagyi, a wurare kamar Ushafa, ƙauyen da Shugaba Bill Clinton na Amurka ya ziyarta a 2000, da Bwari, da Tatiko a Jihar Neja. Waɗanda ke kusa su kai yaransu su ga yadda randa ke tashi daga curin yumɓu. Waɗanda ke Filato su kai su gidan tarihi na Jos, inda aka tara tukwane daga sassa dabam-dabam na Nijeriya, su nemi na ƙabilarsu a ciki. Idan mun je sayen randa ko tukunyar ƙasa, mu tuna da wahalar haƙo yumɓu da ɗauko itace, kada mu taya maginiya kamar muna yi mata alfarma. A lokacin hutu kuma, maimakon yara su wuni a gaban talabijin, a tura su wurin kaka ko wata tsohuwa a unguwa wadda ta iya sana'a, su zauna kusa da ita su taya ta aiki. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu tambayi tsofaffin da ke gidajenmu abin da hannuwansu suka iya tun suna tare da mu, mu kuma ba su yara su koya musu.